Neman kalmar Hausa ga "bridge and tunnel"

Tun jiya ake ta kawo shawarwari a kan yadda za a faɗi laƙabin "bridge and tunnel" (wato gada da hanyar ƙarƙashin ƙasa), wanda mazauna Manhattan, cibiyar birnin New York, ke yi wa masu shigo musu daga kewaye don shaƙatawa, da Hausa, kuma ga matsayata bayan na auna su.

Manhattan tsibiri ne, saboda haka wanda ya taso da mota daga jihar New Jersey mai maƙwabtaka sai ya hau gada, kamar ta George Washington da aka buɗe a 1931, ko ya bi hanyar Holland ta 1927 da ta ratsa ƙarƙashin kogin Hudson. Mutanen Brooklyn da Queens, wasu yankuna na birnin New York, ma suna da nasu gadojin. Laƙabin ya yi ƙaurin suna a 1977, shekarar da aka buɗe gidan rawa na Studio 54, inda ɗaya daga cikin masu gidan, Steve Rubell, yake tsayawa bayan igiyar karammiski yana zaɓen wanda zai shiga, yana ƙorafin cewa irin waɗannan mutane ne ke cika ƙofarsa a ƙarshen mako. Hanyar zuwansu ake ambata, amma tufafinsu da lafazinsu da aljihunsu ake yi wa shaguɓe.

Malamin da ya kawo "ƙauyawa" da "gidadawa" ya kamo rainin, sai dai, Allah ya gafarta malam, Queens kaɗai tana da mutum sama da miliyan 2, kuma kiransu ƙauyawa zai ɓatar da mai karatu. "'Yan gada da rami" kuwa fassara ce ta ido rufe, domin Bahaushe in ya ji rami, ɓera ko kabari ne zai faɗo masa a rai.

Na daɗe a kan "'yan waje", ganin yadda Bakanon cikin ganuwa ke faɗinta da ɗan yatsina fuska. Abin da ya hana ni shi ne a Kano lamarin a juye yake, tunda harkar dare a Sabon Gari take, wato a wajen, ɗan birni ne baƙo a can. "'Yan ƙetare" kuma ta riga ta zama ta mazauna ƙasashen waje.

Na tsaya a kan "'yan tsallake", tilonta ɗan tsallake ko 'yar tsallake, domin ta riƙe kogin da ake hayewa, kuma sai wanda ke wannan gaɓar ne zai iya furta ta. Mai tsaron ƙofa zai dubi layi ya ce wa abokin aikinsa, "Yau Asabar ce, 'yan tsallake sun iso," ba tare da an nemi ƙarin bayani ba.