Muhawara: A raba aikin kwastam bisa nau'in kaya, ko a bar shi bisa tasha?

Alhaji, mai shigo da kayan gyaran mota, Farin Gada, Jos: Jama'a, ra'ayina shi ne a daina barin kowace tasha tana yanke kuɗin fito bisa fahimtarta. Bara na shigo da kaya iri ɗaya ta tashoshi biyu, aka ba su lambobi daban (wato lambar nau'in kaya da kwastam ke yanke haraji da ita), kuɗin ma ya sha bamban. Tunda harajin bai-ɗaya na ECOWAS yana kamawa daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari, sauya lamba ɗaya kan iya cinye ribar kwantena. Amurka ta kafa cibiyoyi 10, kowacce da fanninta, motoci a Ditroit, magunguna a Niyok, kuma ko ta ina kayanka suka shigo, cibiyar fanninka ce take duba takardunka.

Hajiya, mai atamfa, Taminus: Ranka ya daɗe, ban gamsu ba. Wannan tsari manyan kamfanoni zai fi amfana, domin su ke da ma'aikatan bin takardu. Mu da muke haɗa kuɗi mu huɗu mu cika kwantena ɗaya, atamfa da takalma da tukwane a ciki, wace cibiya ce tamu?

Malam, tsohon jami'in kwastam: Hajiya, tambayarki tana da nauyi, amma na fi karkata ga Alhaji. Alƙaluma 6 na farko na lambar nau'in kaya iri ɗaya ne a duniya, saɓanin yana tasowa ne wajen gane kayan. Jami'in da yau yake kan yadi, gobe a mayar da shi kan magani, yaushe zai ƙware har ya bambanta auduga da roba? Ku tuna 2022, lokacin da aka fara kimanta motoci da lambar jikinsu, dillalan fito suka yi yajin aiki a Legas saboda farashin da na'ura ta fitar. Na'ura kaɗai ba ta wadatar, sai da masanin fanni a bayanta.

Alhaji: Madalla, Malam. Tsarin hukuncin gabanin shigo da kaya, wato a faɗa wa ɗan kasuwa lambar kayansa tun kafin su iso, wanda hukumar kwastam ta Najeriya ta ƙaddamar a 2024, shi ma ƙwararru yake buƙata.

Hajiya: To, Malam, in za a yi, a ware sashe na masu kayan haɗaka, kuma a yarda mu shigar da ƙorafi daga nan Jos, ba sai mun bi hanyar Legas ba.