Tsohon soron gado da kayan ɗaki na zamani: ta ina ake farawa?

Ɗan Tsohon Gari, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gini da masu ido a harkar ƙawata ɗaki. A rabon gadon gidanmu da ke cikin tsohon garin Birnin Kebbi, sashen kakanmu ne ya faɗo a kasona: babban soro mai bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi) da rufin azara, da ɗakuna biyu a bayansa, duka ginin tubali ne mai kaurin bango. Bayan babbar salla nake sa ran tarewar amaryata, kuma danginta sun fara maganar saitin kujeru irin na Turkiyya masu ruwan zinari, da gado, da manyan labulaye. Wani ma'aikaci ya ce a yaɓe bangon da siminti, a rufe saman da silin na POP, a shimfiɗa tayil, sannan a yi jere. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin na ga hotunan tsofaffin gidajen birnin Faris na ƙasar Faransa, inda aka zuba kayan alatu na zamani ba tare da an ɓata asalin ginin ba. Shin hakan zai yiwu a ginin ƙasa?

Mai Zanen Gine-gine, Gusau:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu ƙwarai, kuma hotunan da ka gani sun nuna maka hanya. Yawancin waɗannan gidaje na tsarin da Haussmann, jami'in da ke kula da mulkin birnin, ya kawo ne lokacin da ya sake fasalin Faris tsakanin 1853 da 1870, a zamanin sarkin Faransa Napoleon na Uku. Abin da ke ba su daraja shi ne doguwar tazara tsakanin ƙasa da rufi, da daɓen katako mai jerin ƙashin kifi, da zanen filasta a gefen rufi, da murhun jin ɗumi na marmara. Masu ƙawata su sukan bar waɗannan a bayyane, su kawo kujera ɗaya ko biyu masu kyawun gaske da fitila mai sauƙin siffa, su bar wa ido sarari. A soronka, bakan gizon nan shi ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma duk wanda ya ce a lulluɓe shi da silin ya ce a ɓoye abu mafi tsada a ɗakin.

Amma maganar siminti ta fi damuna. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Idan aka yaɓe shi da siminti ko aka shafa masa fentin mai, laimar da ke tasowa daga tushe ba ta samun mafita, sai ta taru a bayan yaɓen ta riƙa narkar da tubalin a ɓoye. Siminti da ƙasa kuma ba sa miƙewa da tsukewa daidai idan zafi ya sauya, shi ya sa bayan 'yan shekaru za ka ƙwanƙwasa bangon ka ji yana amsawa kamar ganga. Yaɓen ƙasa mai laushi da farar ƙasa a kai ya fi masa, kuma farin yana fito da lanƙwasar bakan gizo idan haske ya bugi gefensa.

Tsohon Magini, Argungu:

Ɗana, Allah ya sanya alheri a auren. Kafin a yi zancen kujera, a hau saman soron a duba. A ga ko indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, a ga ko rufin ya tsage, sannan a ɗauki ƙusa a soki kan kowace azara inda ta shiga bango, domin a nan laima ke fara cin ta. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika iya mata ba, amma tsawon da take ɗauka ba tare da tallafi ba bai kai mita biyu ba, dalilin da ya sa magabatanmu suka riƙa ɗaura ta gaɓa-gaɓa su tayar da baka don faɗaɗa ɗaki. Saboda haka kada a kuskura a rataya babbar fitila mai nauyi ko fankar sama a tsakiyar bakan, ko a huda shi.

A da muna shafe waje da makuba, wadda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, wato katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Katsi ya yi wuyar samu yanzu tunda marina sun ragu, amma makuba tana nan. Idan kana son ganin yadda ginin ƙasa ke daɗewa in an kula da shi, ka zo Gidan Tarihi na Kanta a nan Argungu. An gina shi a 1831, ya kasance fadar sarki har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma yana tsaye.

Hajiya Mai Jere, Jega:

Ƙanena, na ji bayanin Malam mai zane da na Baba magini, kuma ban ja da su a kan gini ba. Sai dai Faris daban, gidan amarya daban. Iyayen yarinya ba za su yarda a kai 'yarsu ɗaki mai kujera biyu ba, kuma suna da gaskiyarsu, domin kayan ɗaki mutuncinta ne a gaban 'yan ganin ɗaki, dukiyarta ce kuma. Abin yi shi ne ka tura yayarka ko gwaggonka ta zauna da su tun kafin a je kasuwa, ta kai musu awon ɗakin da na ƙofa. Ƙofar tsohon soro ƙarama ce, kuma na sha ganin an sayi doguwar kujera an zo an rasa yadda za a shigar da ita, har a kai ga sassaƙe bakin ƙofa.

Kuɗin da za a kashe a kan kujeru bakwai masu dogon baya da sassaƙar zinari, waɗanda za su tare rabin tsayin bangon su yi gasa da bakan gizo, gara a sa shi a kan saiti gajere mai faɗin mazauni, na katakon maɗaci na gaske. Katakon nan na garin itace da ake matsewa yana kumbura da zarar ya ji laima, kuma kowane irin katako ne a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. A guji karammiski, domin ƙurar hunturu tana shigewa cikinsa ta dusashe shi; fata ko yadi mai santsi da ake gogewa sun fi. A shimfiɗa kafet guda mai kyau a tsakiya, a jera tumtum na jar fatar Sakkwato, wadda ta yi suna har ƙasashen waje. Gado, madubi da kabad ɗin kwanuka su tafi ɗakunan baya, inda ba ruwan kowa da bakan gizo, a cika su yadda iyaye ke so. Tayil kuwa ina goyon bayansa, don mace ce za ta riƙa shara da goge-goge kullum.

Mai Zanen Gine-gine, Gusau:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan yawan kaya. A kan tayil, idan za a sa, a zaɓi marar ƙyalli mai launin ƙasa, a bar siririyar tazara a gindin bango wadda ba a toshe da siminti ba, kuma kada a hau da shi jikin bango, don kada laimar ƙasa ta koma cikin tubali.

Saura wutar lantarki. Kada a fafe bango don binne waya. A bi da ita ta bututu a ƙasa-ƙasa, a ɓoye bayan allon katako. Fitilu masu haske ruwan ɗorawa da aka ajiye a ƙasa suna kallon sama za su wadatar da soron da dare. Kaurin bangon yana rage zafin watan Afrilu sosai, don haka ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ta isa, a kafa ta a ɗakin kwana, a tabbatar bututun ruwanta ya zuba can nesa da gini.