Neman shawara: Ina da HND, ina son digiri na biyu a fannin Gudanar da Harkokin Gwamnati

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a sashen ma'aikata na wata ƙaramar hukuma, a mataki na 09. Ina da HND, wato babbar difloma ta ƙasa, a fannin Gudanar da Harkokin Gwamnati, na fita da darajar Lower Credit, kuma na yi hidimar ƙasa. Sai dai a takardata ta NECO, D7 na samu a lissafi. Ina son yin digiri na biyu, amma wasu na ce min MPA (mastas na gudanar da harkokin gwamnati), wasu na ce min M.Sc. (mastas na bincike), ban san bambancinsu ba. Burina nan gaba in koma koyarwa a jami'a. Don Allah ta ina zan fara, kuma waɗanne darussa zan tarar a ciki?

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sayi fom ɗin kowace jami'a sai ka gyara lissafin nan. Sharaɗin da aka saba shi ne kiredit 5, da Turanci da lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu. D7 fas ne, kiredit daga C6 yake farawa. Wani lokaci sunan mutum yakan fito a jerin waɗanda aka ɗauka, sai ranar tantance takardu a ƙi yi masa rajista, ga kuɗin fom da na karɓar gurbi sun tafi. Ka yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ka haɗa sabon sakamakon da tsohon, ya zama zama biyu.

Na biyu, da HND ba a shiga digiri na biyu kai tsaye. Sai ka bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, wadda galibi zangon karatu biyu ce. Jami'o'i da dama suna karɓar Lower Credit a PGD, wasu kuma sai Upper Credit, kuma tallar ɗaukar ɗalibai ta shekarar ita ke fayyace wannan. Inda mutane ke sakaci shi ne su ɗauki PGD abin wucewa kawai. A'a, sakamakonta ne za a duba a ba ka gurbin mastas. Mafi yawa ana neman 3.00 bisa ma'aunin 5.00, wasu sassan 3.50. Don haka ka sa ido a kan B zuwa sama a kowane kwas.

Malam Na-Kongo:
Bari in tsaya a kan maganar MPA da M.Sc., domin nan ne burinka yake. MPA an tsara shi ne don ma'aikaci: darussa sun fi yawa, laccoci sau da yawa Juma'a da Asabar, a ƙarshe ka rubuta furojet. A jami'o'inmu ana ɗaukarsa digirin ƙwarewar aiki, kuma yawanci ba ya kai mutum digirin digirgir kai tsaye; sai an ce ya dawo ya yi M.Sc. ko M.Phil. Shi kuwa M.Sc. na ilimi da bincike ne, akwai cikakken kundi, akwai kariya gaban malamin da za a gayyato daga wata jami'a, kuma shi ne hanyar Ph.D. Tunda koyarwa kake so, MPA ba naka ba ne, ko da ya fi sauƙin samu.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata ka ji tun yanzu. Wajen ɗaukar malami, jami'o'i suna duba digirin farko da darajarsa. Mai HND da PGD da M.Sc. yakan sha wahala a nan, domin za a tambaye shi ina B.Sc. ɗinsa. Shawarata, ka auna shiga digirin farko ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, wadda ke sa mai HND a aji biyu ko uku gwargwadon jami'a. Idan ka fito da 3.50 zuwa sama, wato daraja ta biyu ta sama, ba ka buƙatar PGD, M.Sc. ɗin ma da sauƙi za ka samu. Ya fi tsawo da shekara ɗaya ko biyu, amma ƙofar da kake nema a can take.

Baban Hafsa:
Malam ya yi gaskiya idan koyarwar ce dole. Idan kuwa a aikin gwamnati zai ci gaba da zama, PGD da MPA sun wadatar, kuma sun fi dacewa da mai iyali.

Hajiya Maman Yusra:
Ƙanena, kowace ka zaɓa, takardu iri ɗaya za ka haɗa: shaidar kammala makaranta ta asali, sakamakon sakandare, takardar sallamar NYSC, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar asalin ƙaramar hukuma, da sunayen masu tsaya maka biyu ko uku, aƙalla ɗaya malamin da ya koyar da kai. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, takardar yafewar NYSC yake kawowa. A jami'o'in tarayya ta Remita ake biya. Ka ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, wato RRR, daga shafin jami'ar da kanka, ka adana rasit, kada ka tura wa kowa kuɗi a asusunsa don ya saya maka fom.

Abin da ya fi ɓata wa mutane shekara shi ne tiranskirif, cikakken sakamakon darussanka tun daga ajin farko. Ba a hannunka ake karɓa ba, tsohuwar makarantarka ce za ta aika kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, musamman ga wanda ya daɗe da gamawa kuma sakamakonsa yana cikin tsofaffin fayiloli. Mai HND ya nemi na ND da na HND duka. Ranar da ka cike fom, ranar za ka nema, ka riƙe rasit da lambar aikawa, bayan mako biyu ka je ka tabbatar ya isa an sa shi a fayil ɗinka. Sannan ka jera takardunka a kan tebur ka duba suna harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda babu shi a wata, wannan kaɗai kan tsayar da rajista. Takardar rantsuwa daga kotu ke gyara shi, a yi ta tun kafin ranar tantancewa.

Malam Na-Kongo:
Game da darussa, sunaye kan bambanta kaɗan amma ginshiƙan ɗaya ne, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) ce ke shimfiɗa mafi ƙarancin ma'auni. Za ka yi ra'ayoyin gudanarwa, inda za ka haɗu da maƙalar Woodrow Wilson ta 1887, da tsarin ofis na Max Weber, da Henri Fayol, da Fred Riggs a kan ƙasashe masu tasowa. Akwai nazarin manufofin gwamnati, kula da ma'aikata, dokar gudanarwa, kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, da alaƙar matakan gwamnati uku. A kwas ɗin kuɗin gwamnati ka san Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, da Asusun Bai-ɗaya da aka tilasta aiki da shi a 2015, da yadda kasafi ke tafiya daga ma'aikata zuwa majalisa. Kwas ɗin ƙananan hukumomi kuwa gidanka ne: garambawul na 1976, ƙananan hukumomi 774, asusun haɗin gwiwa da jihohi, da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ka kuma karanta Hukumar Udoji ta 1972 zuwa 1974 da garambawul na 1988, duka kan gyaran aikin gwamnati, ba a rasa tambaya a kansu.

A karatun gaba da digiri 50 ne makin ci, 49 faɗuwa ce. Ana kuma neman halartar kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a zauna jarrabawa. Ma'aikata suna faɗuwa ne idan suka amsa tambaya da abin da ake yi a ofis kawai. Mai gyara takarda yana son ka kawo ra'ayin masana, ka ɗora misalin Najeriya a kai, sannan ka nuna inda suka dace da inda suka saɓa.

Yaya Abu Sadik:
Kwasa-kwasai biyu ne ke riƙe mutane: hanyoyin bincike da ƙididdiga. Shi ya sa lissafin nan naka ba don takarda kaɗai za ka gyara shi ba. Za a buƙaci ka fitar da adadin mutanen da za ka yi wa tambaya da dabarar Taro Yamane ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, ka shigar da amsoshi a manhajar ƙididdiga ta SPSS, ka kuma bayyana ma'anar abin da ya fito. Wanda ya ba wani ya yi masa, a gaban kwamiti asirinsa ke tonuwa, da an ce ya fassara tebur ɗaya.

Wajen zaɓen batu, ka ƙuntata shi. "Matsalolin ƙananan hukumomi a Najeriya" ba zai wuce ba. Amma tara kuɗin shiga na cikin gida a ƙananan hukumomi uku na jiharka, cikin shekaru biyar da ka ƙayyade, wannan ana iya yi, kuma ka san inda rajistocin haraji suke. Manufofin bincike uku ko huɗu sun isa, kowace da tambayarta da hasashenta, su tafi tare har babi na biyar. Ana saka kundi a manhajar gano satar rubutu irin su Turnitin, don haka duk abin da ka ɗauko ka faɗi mai shi bisa tsarin ambaton madogara na APA. Duk gyaran da mai duba aikinka ya yi da jan biro, ka mayar masa cikin mako biyu tare da tsohon kwafin. Idan ka ɓace wata uku, sai an sake karanta aikin daga farko, ga kuɗin rajistar sabuwar shekara yana jiranka.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da lissafin, kuma na karkata ga digirin farkon. Saura tambaya ɗaya: wajen aiki fa, sai na nemi izini?

Hajiya Maman Yusra:
Dole ne, kuma a rubuce. Da zarar takardar gurbi ta fito, ka rubuta ta hannun shugaban sashenka zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiharka, ka haɗa kwafin gurbin. Idan karatun cikakken lokaci ne, hutun karatu za ka nema, da albashi ko babu. Wanda aka ba da albashi yakan zo da yarjejeniyar dawowa ka yi wa hukuma aiki na wasu shekaru. Na ƙarshen mako ma ka nemi amincewa. Wanda ya yi karatu ba izini, ranar da ya kawo shaidar ana iya ƙin sa ta a fayil ɗinsa. Ka karɓi kwafin wasiƙarka da hatimin "an karɓa" da kwanan wata, ka ajiye a gida.