Hizzob: alamar tawali'u ce, ko abin yayyafi kawai?

Malamin Lahadi: Salama 'yan'uwa. A nazarin jiya an ce ganyen hizzob, wani ɗan tsiro da ake ambata a Littafi Mai Tsarki, yana nufin tawali'u. Ban yarda ba. A Fitowa 12:22 an ce a ɗauki damin hizzob a tsoma cikin jini a shafa a saman ƙofa da dogaranta biyu. Ganye ne ƙanana masu gashi-gashi, suna riƙe ruwa, shi ya sa. Kamar tsintsiya ce da ake yayyafa ruwa da ita kafin shara. Jinin ragon Idin Ƙetarewa ne ya ceci 'ya'yan farin Isra'ila a Masar, ba ganyen ba.

Mama Zumunta: Malam, to me ya sa Dawuda bai ce a tsarkake shi da jini ba? A Zabura 51:7 hizzob ya ambata, bayan abin da ya yi da matar Uriya.

Malamin Lahadi: Mama, ai ya san al'adar ne. Ya kira sunan abin aikin, kowa ya gane aikin yake nufi.

Ɗalibin tauhidi: Malam, a gafarce ni. A duba Littafin Ƙidaya 19:6. Lokacin da ake ƙona jar karsana a bayan zango, firist yana ɗaukar itacen al'ul da hizzob da jan zare ya jefa su cikin wutar. A nan ba a yayyafa komai da shi ba, ƙona shi aka yi ya shiga cikin tokar da za a haɗa ruwan tsarkakewa. Sai a aya 18 ne wani hizzob ɗin ya zama abin yayyafi, don wanda ya taɓa gawa. In kayan aiki ne kawai, me ya kai shi cikin hadayar?

Malamin Lahadi: Wannan tambaya ce mai nauyi, ƙanena. Amma ko a nan Musa bai ce tawali'u ba.

Dattijo: Musa bai faɗa ba, gaskiya ne. Amma 1 Sarakuna 4:33 ta ce Sulemanu ya yi magana a kan itatuwa tun daga al'ul na Lebanon har zuwa hizzob mai tsirowa a jikin bango. Wato mafi girma da mafi ƙanƙanta. Su biyun ne kuma aka haɗa wa kuturu a Littafin Firistoci 14: tsuntsaye biyu, a yanka ɗaya a kaskon ƙasa bisa ruwa mai gudu, a tsoma mai ran tare da al'ul da jan zare da hizzob cikin jinin, a yayyafa wa mutumin sau 7, a saki tsuntsun ya tashi. Rashi, malamin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya bayyana cewa wanda ya ɗaukaka kansa kamar al'ul sai ya ƙasƙantar da kansa kamar hizzob. Ba jiya aka fara wannan fahimta ba.

Malamin Lahadi: Baba, na girmama wannan, amma sharhi ne. Abin da ke damuna shi ne a tsaya a bagadi a ce Allah ya faɗa.

Mama Zumunta: Ni abin da ya fi damuna daban ne. Akwai masu sayar wa matanmu ruwa a kwalba wai na hizzob ne, yana wanke zunubi da ciwo. Wata gwauruwa a cikinmu kuɗin hatsinta ta kai.

Ɗalibin tauhidi: Mama, ki nuna musu Littafin Firistoci 14:3. Firist yana fita ne ya duba, sai ya ga kuturun ya riga ya warke kafin a kawo ganyen. Ba magani ba ne.

Dattijo: A kan wannan kam bakinmu ɗaya. Malam, Yahaya 19:29 fa? A kan hizzob aka ɗora soson ruwan inabi mai tsami aka kai bakin Yesu, a lokacin Idin Ƙetarewa.

Malamin Lahadi: Matiyu da Markus sanda kawai suka ce. Yahaya ne ya kira sunan, kuma na yarda ƙofofin Masar yake tuna mana. Amma wannan maganar Yesu Ɗan Ragon Allah ce, Baba, ba ta tawali'u ba. Ranar Laraba kowa ya zo da Ibraniyawa 9:19 a buɗe.