Yammacin Loudoun: abin da kowannenmu ya gani da idonsa

Dattijo daga Leesburg:
Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna gundumar Loudoun ta jihar Bajiniya a Amurka kowa ya faɗi abin da ya gani game da gonakin yammacinmu. Ƙidayar 1990 ta sami mutum kusan 86,000 a gundumar, ta 2020 kuwa ta sami fiye da 420,000, kuma a gaban idona filayen masara da ke tsakanin Leesburg da filin jirgin saman Dulles suka koma unguwanni. Ranar Asabar na je sayen ragon suna a wata gona da ke gindin duwatsun Blue Ridge, sai manomin da na shekara goma sha biyar ina ciniki da shi ya ce mini 'ya'yansa ba su da sha'awar noma, masu gini kuma ba su daina aiko masa da wasiƙun neman sayen gonar ba. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Hajiya daga Ashburn:
Wa alaikumus salam, Baba. Mu da ke gabas mu muka ɗauki nauyin da aka sauke wa yamma. Bayan gidana akwai rumbunan adana bayanan intanet, dogayen gine-gine marasa tagogi, kuma da dare ina jin gurnanin na'urorin sanyaya su har cikin ɗaki. Ba zan ɓoye gaskiya ba, harajinsu yana taimakon makarantun da yarana suke zuwa. Amma wutar da suke sha dole a jawo ta daga nesa, shi ya sa aka taɓa shirin ratsa babban layin lantarki mai kilobolt 500 ta kusa da Waterford, ƙauyen da aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1970, sai da jama'a suka tashi tsaye kafin aka sauya masa hanya.

Mai kai ciyawar dawaki a Middleburg:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara tara ke nan ina kai ingirici gidajen dawaki, kuma na fahimci cewa dokar rabon fili ce take riƙe da wannan yanki. A arewacin karkarar, asalin ƙa'ida gida ɗaya ne a eka 20, a kudu kuma gida ɗaya a eka 40. Sai dai akwai ƙofa: idan mai fili ya tara gidajen wuri ɗaya, ana ba shi damar gina fiye da haka. Na ga gonar da aka jera gidaje a kan ƙasarta mafi albarka, aka bar gangare da fadama da sunan filin da aka tsare. A takarda gona tana nan, amma tarakta ba ta da inda za ta juya. Wanda nake yi wa aiki ya bi wata hanya dabam, ya sa hannu a yarjejeniyar da ta hana raba filinsa har abada, ko da an sayar ko an gada, aka saka masa da rangwamen haraji. A ganina wannan ya fi ƙarko, domin dokar gunduma tana iya sauyawa bayan kowane zaɓe.

Matashiya, ma'aikaciyar jinya:
Baba, a gafarce ni, akwai wani gefen. Ina aiki a Loudoun amma ina kwana a jihar Bajiniya ta Yamma da ke maƙwabtaka da mu, saboda albashina ba zai sayi gida a garin Purcellville da ke yammacin gundumar ba, balle eka 20. Kullum ina bin hanya mai lamba 9 cikin cunkoso tare da malaman makaranta da ma'aikatan gonakin nan. Ina son ganin shanu da tsaunuka kamar kowa, amma ina so a yarda a gina ƙananan gidaje cikin garuruwan da suke da famfo tun asali.

Dattijo daga Leesburg:
'Yata, kin yi gaskiya, kuma ban taɓa duban abin ta nan ba. Na tuna lokacin da aka so faɗaɗa hanya mai lamba 50, mutanen Aldie da Middleburg suka ƙi, aka yi shataletale a mahaɗar Gilberts Corner, ƙauyukan suka tsira da kamanninsu. Zan tambayi manomin nan ko ya san yarjejeniyar da Malam mai kai ciyawa ya ambata, in Allah ya kai mu Asabar.