Ram zan ƙara ko laftof zan canza? Matse bidiyon biki na cinye min dare

Mai_Kyamara:
Salam 'yan uwa. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, laftof ɗina HP ce Core i5 ƙarni na 6, ram 4GB. In na saka bidiyon awa biyu a manhajar HandBrake don in matse shi ya shiga filashin masu biki sai ya ci min wajen awa uku, fanka na ta ihu kamar injin markaɗe. Na leƙa Task Manager, inda ake ganin aikin da na'ura ke yi, furosesa na kan 100% ram kuma bai wuce 70% ba. Dubu 40 gare ni, in ƙara ram ko in haƙura in tara in canza na'ura? Asabar ɗin nan biki biyu ke gabana.

Dan_Zariya:
Ka sayi MacBook kawai ka huta

Injiniya Bash:
Ai kai ka ba kanka amsa malam. Ram bai cika ba, ƙarinsa ba zai rage maka lokaci sosai ba, x264, tsarin da HandBrake ke matse bidiyon da shi, furosesa yake ci kuma 100% ɗin ba ciwo ba ne aikinsa yake yi. Shiga sashen Video na HandBrake ka zaɓi H.264 mai QSV a jiki, wato Quick Sync, ɓangaren furosesa da aka keɓe wa matse bidiyo, tun 2011 Intel ke saka shi a furosesocinsu. Fayil zai ɗan fi girma amma gudun ba a magana. Kuma ka rabu da tsarin matsewa na x265 a wannan na'urar, jan ƙafa gare shi.

Abban Hanif:
Hmm wlh ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Bara da hunturu na bar tawa kan katifa tana matse bidiyon wata amarya na kwanta, ashe ƙura ta toshe fanka katifa kuma ta rufe ƙofar iska. Da asuba na taɓa ta kamar dutsen guga, ta mutu murus. Na kai wa wani mai gyara ya ce sai an goge komai, na roƙe shi ya ciro min fayilolin tukuna ya ce to, da na dawo ya riga ya goge. Katin kyamara kuma na riga na ɗauki wani bikin a kai. Uwar amarya har ƙofar gidanmu ta zo tana kuka, kamu da yinin biki da kai amarya duk babu, na mayar da kuɗi amma har yau in mun haɗu a layi kau da kai take yi.

Ummu Sultan:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri yaya. Ni dai da na ƙara 8GB na ga canji, dubu 12 na saya.

Dan_Zariya:
Dubu 12 a ina Hajiya? Jiya aka ce min 25

Injiniya Bash:
Ram ɗinta tsohon samfurin DDR3 ne ƙila, tasa ya duba tukuna, yawancin na ƙarni na 6 DDR4 suke ci. Kuma canjin da kika gani wajen haɗa bidiyo ne ba wajen matsewa ba.

Ummu Sultan:
Injiniya biki nawa ka taɓa ɗauka? Mu da muke kwana a kai mu za ka faɗa wa abin da muka gani?

Sadauki99:
Mai_Kyamara ka ɗora tukunyar shayi a kai mana, ka rage kuɗin gas 😂

Mai_Kyamara:
Dan Allah a dawo kan tambayata. Injiniya, na duba ban ga QSV ɗin ba

Abban Hanif:
Kafin komai ka kwafe ɗanyen bidiyon wuri biyu ɗan uwa, ka ji na gaya maka.

Ummu Sultan:
Duk wannan mai sauƙi ne, matsalar masu biki ce. Ka ƙona fetur a janareta dare guda saboda an ɗauke wuta aiki na kan 90%, ka kai musu filashi su ce cikon kuɗi sai ango ya dawo daga tafiya. Tun Ƙaramar Sallah nake bin wasu dubu 30.

Dan_Zariya:
Ni yanzu ba ciko ba filashi, ko ɗan uwana ne