Dubu talatin a mako, mu bakwai a gida: yaya zan yi da cefane?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. A Kano nake, ni da maigida da yara huɗu da ƙanwarsa da ke karatu a wurinmu, mu bakwai ke nan. Malamin makaranta ne, duk Asabar yake ba ni naira dubu talatin kuɗin cefanen mako, kuma wallahi na san iya ƙarfinsa ke nan, don gas da kuɗin makaranta duk a wuyansa suke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin nan ba sa kai ni Alhamis. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa ko taliya, da dare tuwo, in yara sun dawo daga Islamiyya kuma a dafa musu Indomie. Kullum ina aiken yaro shagon unguwa ya sayo abin da ya yanke. Jiya Laraba na zazzage jakata, dubu ɗaya da ɗari biyu ce ta faɗo, na kasa buɗe baki in sake tambayarsa. Ku ba ni shawara.

Wata uwargida daga Hotoro:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ai a cikin rubutunki na hango ɓarayin, su biyu ne: shagon unguwa da shayin safe. Ƙullin mai, magi ɗai-ɗai, shinkafa gwangwani biyu, kowanne akwai ribar mai shago a kansa, ga yaro ba ya dawo da canji. Ranar Asabar ɗin da aka ba ki kuɗin, ki shiga kasuwa da kanki ki auno masara da gero da wake da shinkafa 'yar gida a kwano, ki sayi mai a kwalba, magi a leda. Abin da ya rage ki kasa shi bakwai ki ɗaure daban-daban, na kayan miya ne kawai, kada na Talata ya taɓa na Laraba.

Shayi kuwa lissafa ki gani. Mutum bakwai sai manyan burodi biyu, ga madara, ga sukari, kuma kafin ƙarfe goma yaro ya fara hamma. Ni gero nake jiƙawa in kai inji sau ɗaya, in tace gasara ta kwana uku, ina sauya mata ruwa. Yau koko, gobe kunun gyaɗa, jibi ɗumamen tuwo. Na mai da shayi na Juma'a da Lahadi, yanzu har ɗokinsa suke yi. Makon farko sun yi ta ƙunƙuni, na toshe kunnena.

Wani magidanci:
Hajiya, ki ba maigida shawara ya nemi abokan aikinsa biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi buhu a Dawanau lokacin kaka, su raba. Haka muke yi duk shekara. Amma kada a tafi can saboda kwano biyu, kuɗin adaidaita zai cinye sauƙin. Wake kuma a shanya shi ya bushe sosai, a cika jarka taf a rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari ba sa rayuwa a ciki. Kada a zuba masa maganin feshi.

Wata dattijuwa:
'Yata, mu da muka raini goma ba da miyar tumatir muka raine su ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa mai kyau da ɗan busasshen kifi da aka daka, wa zai ce babu nama? In kin samu sarari ki sayi ƙashi wurin mahauci, romonsa ya yi miki miya biyu. Tumatir da rani yake araha, ki je 'Yankaba ki sayo, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta. Da damina, ranar da ake sayar da guda huɗu kamar zinariya, sai ki jiƙa kauɗarki ki niƙa. Ki kuma dasa zogale ko a bayan ɗaki ne.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ina tare da Mama, sai dai a kula kada tsimi ya koma cika ciki da tuwo zalla, yara na buƙatar abin gina jiki. Wake, gyaɗa da waken suya su ne naman talaka. Garau-garau, ɗanwake, faten wake da alayyafo, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ki soya waken suya sama-sama ki niƙa, ki riƙa zuba garin a kunu ki bari ya dahu sosai. Kuɗin Indomie ɗin nan ma ya isa ki yi musu awara mai yawa.

Wata amarya:
To amma fa wake da awara gas suke sha, kada a gudu daga shago a faɗa wurin mai gas.

Uwargidan Hotoro:
Amarya, jiƙa shi ake yi tun dare, a ɗora a kurfoti da gawayi, a dafa na kwana biyu lokaci guda. Gas na ɗumame ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya ce zai tuntuɓi abokan aikinsa kan maganar buhu. Jibi Asabar da kaina zan shiga kasuwa. Anti ta Hotoro, gero kwano nawa kike jiƙawa na kwana ukun? Kuma babu firji a gidana, gasarar ba za ta yi tsami da yawa ba a zafin nan?